Tiya ba ta ɗaukar buhu: darasin rokar Ariane 5 ga masu rubuta manhaja

A shekarun baya, in aka ce sana'a a Maraɗi ko Damagaram, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ƙira da ɗinki da gini da dukanci. Yau an samu ƙari. Akwai samari da ƴan mata da suka fito daga jami'a ko makarantun anformatik, waɗanda aikinsu shi ne rubuta umurnin da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wato ordinater, take bi. Abin da suke rubutawa shi ake kira manhaja, ƴan lakkol kuma su ce lojisiyel. Ɗan kasuwar da ke fitar da kayansa a duwan ta hanyar SYDONIA, da ma'aikacin da ke jiran albashi a ƙarshen wata, da tsohuwar da ke karɓar kuɗin da ɗanta ya aiko ta waya, dukansu sun dogara ga aikin waɗannan mutane, ko da ba su taɓa ganin fuskarsu ba.

In magini ya yi ha'inci, bango yakan tsage kowa ya gani. In tela ya ɓata riga, mai ita zai gane tun bai bar shagon ba. Aikin mai manhaja kuwa a ɓoye yake, ba a sanin ingancinsa sai ranar da ya ɓaci. Saboda haka filin na wannan mako zai duba yadda ake ƙwarewa a wannan sana'a, da abin da ya kamata mai ba da aiki ya nema, ta hanyar wani labari da ake karantarwa a makarantun injiniyoyi har gobe.

Abin da ya faru a Kuru

Ranar 4 ga watan Yuni 1996, a garin Kuru na Guyana ta Faransa, can Amurka ta Kudu, hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba sabuwar rokarta mai suna Ariane 5 karo na farko. An yi kusan shekara 10 ana aikinta. Tana ɗauke da taurarin ɗan Adam guda 4 da ake kira Cluster, waɗanda masana suka ƙera don nazarin sararin da ke kewaye da duniya. Wajen sakan 37 bayan kunna injin, tana nisan mita 3.700 daga ƙasa, sai rokar ta karkace farat ɗaya, ƙarfin iska ya karya ta, ta tarwatse a gaban idon manyan baƙi, tarkacenta ya watsu cikin fadamu. Babu mutum a cikinta, kuma ba a rasa rai ba, amma an yi asarar miliyoyin dalar Amurka ɗaruruwa, tare da aikin shekaru na masanan da suka ƙera taurarin.

Nan da nan aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Jacques-Louis Lions, shahararren masanin lissafi na Faransa wanda ya taɓa shugabantar hukumar sararin samaniya ta ƙasar. Aka tsamo na'urorin daga cikin laka, aka karanta abin da ke ƙwaƙwalwarsu. Ranar 19 ga watan Yuli, wato bayan mako 6 kacal, kwamitin ya ba da rahotonsa. Injin lafiyarsa lau, ƙarfen ma haka. Laifin yana cikin ƴan layukan rubutu.

Ga yadda abin yake. Rokar tana da wata na'ura da ke gaya mata inda take, da inda ta fuskanta, da gudun da take yi. An ɗauko wannan na'ura tare da manhajarta daga Ariane 4, rokar da ta yi shekaru tana aiki, kusan ba a canza komi ba. A cikin manhajar akwai wani wuri inda ake ɗaukar adadi daga babban mazubi mai gurbi 64 a juye shi cikin ƙaramin mazubi mai gurbi 16, shi kuwa ƙaramin ba ya ɗaukar adadin da ya wuce 32.767. Adadin da ake juyewa yana da alaƙa da gudun da rokar ke yi ta gefe. A Ariane 4 bai taɓa kaiwa wannan iyaka ba. Ariane 5 kuwa ta fi ƙarfi, hanyarta ma daban ce, gudunta na gefe yana hauhawa har ninki 5 bisa na tsohuwar. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin ƴan awo a kasuwar hatsi ya san abin da zai faru in aka juye buhu guda cikin tiya ɗaya.

Da adadin ya fi ƙarfin mazubin, na'urar ta yi abin da aka tsara mata: ta tsaida aiki, ta aika da saƙon cewa ta samu matsala. Babbar ordinater ta rokar ta ɗauki wannan saƙo a matsayin bayanin tafiya, ta zaci rokar ta kauce hanya, sai ta murɗa bakin injuna har iyakarsu domin ta gyara karkatar da babu ita. To, ina na'ura ta biyu da aka ajiye don irin wannan rana? Tana nan, amma manhaja ɗaya ce a cikin su biyun. Ta biyun ma ita ta riga mutuwa, da tazarar da ba ta kai kashi 1 cikin 10 na sakan ba, kuma saboda dalili guda.

Abin da ya fi ciwo shi ne, ɓangaren manhajar da ya jawo wannan ɓarna ba shi da wani amfani bayan rokar ta bar ƙasa. Aikinsa daidaita na'urar ne kafin tashi. A tsofaffin rokokin Ariane an bar shi yana gudana kusan sakan 40 bayan tashi, domin in an dakatar da ƙidaya a lokacin ƙarshe a iya ci gaba ba tare da an sake daidaitawa daga farko ba, kuma sau ɗaya tak aka taɓa cin moriyar hakan, a 1989. Ariane 5 ba ta buƙatarsa, amma aka bar shi a kan cewa abin da ke aiki ba a taɓa shi.

Kada mai karatu ya ɗauka sakarkaru ne suka yi aikin. Sun san haɗarin sarai. Rahoton ya nuna cewa sun gano wurare 7 inda adadi zai iya fin ƙarfin mazubi, suka sa kariya a 4, suka bar 3, domin an shata musu cewa kada nauyin aikin na'urar ya wuce kashi 80 cikin 100, kuma lissafinsu ya nuna waɗannan ukun ba za su kai iyaka ba. Lissafin daidai ne, amma ga Ariane 4. Dalilin wannan shawara bai fito fili a takardun da masu duba aiki ke karantawa ba, kuma ba a taɓa gwada na'urar da bayanan hanyar da Ariane 5 za ta bi ba. Bayan hatsarin, da aka zuba mata waɗannan bayanai a ɗakin gwaji, sai ta mutu daidai yadda ta mutu a sama.

Darussan da ke ciki

Darasi na farko shi ne, kowace manhaja an gina ta bisa wani zato, kuma zaton nan yana tsufa. Mai rubutu yakan ce a ransa adadin kaya ba zai wuce kaza ba, ko suna ba zai wuce harafi kaza ba. Ƙwararre yakan rubuta wannan zato a fili, a cikin manhajar da kuma takardar da ke rakiyarta, domin wanda zai gaje shi ya gani. Misalai suna nan a ƙofar gida. Tun 1999 yuro 1 yana daidai da sefa kusan 656, saboda haka manhajar lissafi da aka tsara a Turai, in aka kawo ta nan, adadin da ke shiga cikinta ya ninka ɗaruruwa. Akwai wani mazubi da masu manhaja ke yawan amfani da shi wanda iyakarsa 2.147.483.647, wato biliyan 2 da ƴan kai. A yuro wannan dukiya ce mai yawan gaske, amma a sefa babban ɗan kasuwa mai shigo da shinkafa ko siminti zai iya haye ta cikin shekara. Haka kuma ma'aikata da yawa takardar haihuwarsu ta ce an haife su wajen shekara kaza, babu rana babu wata. Manhajar da ta nace sai an ba ta rana takan sa a cika mata 1 ga Janairu, sai ga mutane rututu masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya, dosiyoyinsu suna cakuɗewa. Ga kuma ƙidayar kasuwa: ɗan kasuwa in ya ce ɗari, dala yake nufi, wato sefa 500. Wanda bai zauna ya tambayi mai kaya yadda yake ƙirga kuɗinsa ba, zai rubuta abin da zai rikita lissafi ninki 5.

Darasi na biyu ya shafi aro. Babu laifi a ɗauko aikin da wani ya riga ya yi, kusan duk manhajar duniya haka ake haɗa ta. Laifin shi ne a ɗauko ba a karanta ba, ba a kuma tambayi irin yanayin da aka yi shi dominsa ba. Wannan magana ta ƙara nauyi tun daga 2021 da 2022, lokacin da irin su Copilot da ChatGPT suka bayyana, suna rubuta wa mutum shafi guda na manhaja cikin ƙiftawar ido. Abin da suka rubuta kayan aro ne shi ma. Yaron da ya liƙa shi cikin aikin mutane ba tare da ya iya bayyana kowane layi ba, ya maimaita kuskuren Kuru ke nan, sai dai a ƙaramin wuri.

Darasi na uku shi ne gwaji, kuma gwaji da kayan gaskiya. Bai isa a shigar da buhu 10 da abokan ciniki 3 a ga komi ya tafi daidai ba. A ɗauko kayen bara gaba ɗayansa a zuba, a ga ko jimillar ta dace da ta kwantabul. A shigar da adadi mafi girma da mafi ƙanƙanta, a bar gurbi babu komi, a rubuta suna mai ƙ da ɗ da ɓ, a zare waya ana tsakiyar rubuta faktir, tun da yake ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne, sa'an nan a duba abin da ya rage a ajiye. Ƙwararru sukan rubuta wata ƙaramar manhaja da ke maimaita waɗannan gwaje-gwaje da kanta duk lokacin da aka yi gyara, domin gyaran wuri ɗaya yakan ɓata wani. Kwamitin Lions ya ba da shawarwari 14, kuma ruhinsu shi ne a riƙa ɗaukar manhaja a matsayin mai aibi har sai an tabbatar da lafiyarta ta hanyoyin da aka sani.

Na huɗu, abin da ba shi da aiki a cire shi, kamar yadda shawarar farko ta kwamitin ta nema. Na biyar, abin ajiya don ɓacin rana kada ya zama mai ciwo ɗaya da na farko. Ɗan kasuwar da ya kwafi lissafinsa ya ajiye cikin ordinater ɗin da ke magaza, ko a faifan da ke cikin durowar teburin, bai yi ajiya ba, domin gobara ko ɓarawo tare za su tafi da su. Kuma kwafin da ba a taɓa gwada buɗe shi ba, babu wanda ya san ko akwai wani abu a ciki.

In ba a faɗi gaskiya ba

Abin yabo a labarin Ariane shi ne an fito da rahoton fili, kowa ya karanta, kuma ba a kama wani ƙaramin ma'aikaci aka ɗora masa laifi ba. Tsarin aikin aka tuhuma, shi aka kuma gyara. Rokar ta ci gaba da tashi har sau 117, ita ce ta ɗauki babban madubin hangen taurari na James Webb ranar 25 ga Disamba 2021, ta yi tashinta na ƙarshe a watan Yuli 2023. Taurarin Cluster ma an sake ƙera su, aka harba su a 2000.

Akasin haka ya faru a Ingila, kuma ƴan kasuwa da ma'aikata ya shafa. A 1999 hukumar gidan waya ta ƙasar ta soma aiki da wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ta kamfanin Fujitsu, a ƙananan rassanta, waɗanda da yawansu masu butik ne ke riƙe da su. Manhajar ta riƙa nuna giɓin kuɗi a kes inda babu giɓi. Hukumar ta nace cewa bisa yarjejeniyar aiki mai riƙe da reshe shi ke biyan duk abin da ya ɓace. Wanda ya yi ƙorafi sai a ce masa na'ura ba ta kuskure, shi kaɗai ne ke da wannan matsala. Daga 1999 zuwa 2015 an gurfanar da mutum fiye da 900 bisa zargin sata ko ha'inci. Wasu an ɗaure su, wasu sun rasa gida da mutunci, wasu sun kashe kansu. Alhali a cikin kamfanin akwai rajistar kurakuran da aka sani, kuma ma'aikatansa suna iya shiga lissafin rassa daga nesa. Sai da wani mai suna Alan Bates ya tara mutum 555 suka kai ƙara, kotu ta tabbatar a 2019 cewa manhajar tana da kurakurai, sa'an nan a 2024 majalisa ta yi doka ta soke hukuncin da aka yanke wa jama'a. Kuskure dai ba ya ƙarewa a wannan sana'a. Bambancin Kuru da Landan shi ne abin da aka yi bayan an gano shi, kuma a nan ake gane ɗan halak cikin masu manhaja.

Yadda ake girma a sana'ar

Diplom shaida ce ta cewa mutum ya shiga ƙofa, ƙwarewa kuwa a wurin aiki take. Yaron maƙeri yakan yi shekaru yana zuga, yana kallon hannun maigidansa, kafin a ba shi guduma. Mai manhaja ya yi sa'a, domin manyan gwanayen duniya sun bar aikinsu a buɗe. Linux, wadda ɗalibi ɗan ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya soma a 1991, da dubban manhajoji irinta, kowa yana iya karanta asalin rubutunsu a intanet kyauta, ya ga yadda ake gyara wa juna, har ma ya aika da nasa gyaran a duba masa. Wanda ya saba karanta aikin waɗanda suka fi shi, rubutunsa yakan gyaru ko bai lura ba.

Ya kamata kuma ya saba da nuna aikinsa ga abokin sana'a kafin ya miƙa shi, ya daina jin kunyar a ce masa ya yi kuskure. Ya riƙe Git, kayan aikin da shi Torvalds ɗin ya fitar a 2005, wanda ke ajiye tarihin kowane canji: wa ya yi shi, yaushe, kuma don me, ta yadda in gyaran yau ya ɓata aiki a koma na jiya. Ya rubuta sunaye masu ma'ana da bayani a sarari, domin mai karanta rubutun nan da wata 6 galibi shi kansa ne, ya riga ya manta abin da ya nufa. Ya ƙara Ingilishi a kan Faransancinsa, tun da yawancin littattafan sana'ar da shi suke fara fitowa. Gara ya ƙware a harshen na'ura ɗaya da tushen lissafi da tsarin ajiyar bayanai, da ya ɗanɗana guda 10 bai iya ko ɗaya ba, domin harsunan suna tashe suna wucewa, tushen yana nan. Sa'an nan ya koyi sana'ar wanda yake yi wa aiki. Mako guda a magaza ana sauke kaya, ko a biro ana lissafin albashi, zai nuna masa yadda ake ba da bashi, da yadda ake mayar da kayan da suka lalace, abubuwan da mai kaya ba zai tuna ya faɗa ba don ya ɗauka kowa ya sani. Kuma in an tambaye shi kwana nawa aiki zai ci, ya faɗi gaskiya har da kwanakin gwaji, ko da wani zai karya farashi ya ƙwace cinikin.

Abin da ke kan mai ba da aiki

Alhaji mai magaza da darakta mai sa hannu su ma da nasu. Injiniyoyin Ariane sun bar wurare 3 babu kariya ne saboda iyakar da aka shata musu, haka nan mai matsa wa yaro ya gama cikin mako 2 abin da ke son wata 2, shi ya sayi matsalarsa da kuɗinsa. Kafin a biya, a rubuta yarjejeniya da ta ce asalin rubutun manhajar da takardar bayaninta da kalmomin sirri duk za a miƙa su ga mai aiki, don kada ranar da yaron ya samu aiki a Abijan ko Dakar ya tafi da makullin dukiyar mutane a aljihu. A nemi ganin gwajin da aka yi da ido. A ci gaba da cika kaye tare da na'ura na wata 2 ko 3, ana kwatanta su kowane mako. A tabbatar manhajar tana rubuta sunan duk wanda ya canza adadi da lokacin da ya canza. A ware kuɗin kulawa na kowace shekara kamar yadda ake ware wa mota. In kuwa wata rana na'ura ta nuna giɓi a kes, a binciki na'urar da yaron shago tare, kafin a kira jandarma.

Iyayen da ƴaƴansu suka zaɓi wannan hanya su ƙarfafa musu gwiwa, domin sana'a ce da jarinta bai wuce ordinater ɗaya da haƙuri ba, kuma ana iya yin ta daga Tawa ko Yamai a sayar ko'ina. Su kuma yaran su riƙa tunawa cewa bayan kowane adadi da ke kan gilashi akwai albashin wani, ko jarin wani, ko mutuncinsa. Allah ya ba mai sana'a tsoron amana, ya ba mai ba da aiki haƙurin jira. Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.